Magana kawai za ta iya raba ni da faɗuwar gaba?

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata 34, ina da shagon yadi a Kantin Kwari, ina da mata da yara uku. Wata takwas ke nan, ina cikin sallar Juma'a sai na ji gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata tana bugawa kamar za ta fasa ƙirji, numfashi ya sarƙe, zufa ta karyo mini, na sallama cewa mutuwa ce ta zo. Tun daga ranar abin yake dawowa, wani lokacin sau biyu a mako. An yi mini gwajin zuciya sau uku an ce lafiya ƙalau, na sha maganin taifot da na olsa, Hajiyarmu ta sa an yi mini ruƙiyya. Wani mai kemis yana ba ni wata 'yar ƙwaya da take kwantar mini da hankali, yanzu ba na fita sai tana aljihuna. Na daina shiga sahun gaba, na daina zuwa Legas saro kaya. Likitan da na gani na ƙarshe ya ce ciwon fargaba ne, ya tura ni ɓangaren masu taɓin hankali wai in ga wanda za mu riƙa zama muna magana. Malam, ni a jikina nake jin ciwon. Ta yaya magana za ta warkar da shi? Me ake yi a can? Kuma ko wannan alama ce ta na fara zarewa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. In na fahimce ka, tambaya uku ka ɗaure a ƙunshi ɗaya: ko hankalinka ne ya fara gushewa, ko zama da mutum ana magana yana da abin da zai yi wa ciwon da kake ji a ƙirji, da kuma abin da za ka tarar idan ka tura ƙofar ɗakin da aka aike ka. Ni ba likitan da ke rubuta magani ba ne. Nazarin halayyar ɗan Adam na karanta, kuma sama da shekara goma ke nan ina zama da masu irin larurarka a wani asibitin gwamnati. Da wuya mako ya fita ban ji labari mai kama da naka ba, har da takardun gwajin zuciyar da ake zuwa da su a naɗe cikin leda.

Bari in fara da wadda ka rufe wasiƙarka da ita, don na san ita ce take hana ka barci. Abin da ka bayyana ba farkon hauka ba ne, kuma ba ya rikiɗewa ya koma hauka. Tsoron cewa mutum zai zare ko zai mutu yana cikin alamomin ciwon kansu, haka yake a rubuce a littattafan da muke aiki da su. Sunan ɓangaren da aka tura ka ne ya tsorata ka, na sani, amma a asibitin ido ma mai apolo da wanda za a yi wa aikin yana ƙofa ɗaya suke bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da wani nau'i na ciwon fargaba a duniya, kuma wajen mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A layin da kake da shago akwai irinka, kowa dai ya ɓoye nasa a ƙarƙashin babbar riga.

Abin da ke faruwa a jikinka

Da ka ce a jikinka kake jin ciwon, gaskiya ka faɗa. Allah ya halicci mutum da wata ƙararrawa ta kare kai. Ka ɗauka ka ɗaga tabarma ka ga kububuwa a naɗe. Kafin ka gama tunanin abin da ka gani, jiki ya riga ya watsa wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu don ta kai jini cinyoyi da damatsa, numfashi ya yi sauri, zufa ta keto, jini ya janye daga ciki shi ya sa ake jin ciki ya murɗa ko ƙirji yana zafi kamar olsa. Idan numfashin ya yi yawa, iskar da jiki ke fitarwa takan ragu a jini fiye da kima, daga nan sai jiri, da tsikarin yatsu da leɓe, da jin kamar duniyar ta yi nisa. Duk wannan shiri ne na gudu ko faɗa. A gaban maciji ba wanda ke kiransa ciwo. Amma idan ƙararrawar ta kaɗa kana tsaye a sahu, ba maciji ba kare, dole ka nemi dalili, kuma dalilin da ya fi kusa shi ne: zuciyata ce ta samu matsala.

A nan ne zaren yake ƙullewa. Wani masani a Ingila, David Clark, ya zayyana shi a 1986, kuma har yau a kan bayaninsa muke ɗora aikinmu. Ka ji bugun zuciya kaɗan, ka fassara shi da cewa mutuwa ce, fassarar ta tsorata ka, tsoron ya ƙara sakin adirenalin, bugun ya ƙaru, sai ka ce to ga shi nan, na faɗa. Cikin minti goma abin ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka da kansa, yawanci kafin rabin awa, ya bar ka a galabaice kamar wanda ya sauke buhun gero goma. Jiki ba ya iya riƙe wannan yanayin har abada, ko ka sha ƙwaya ko ba ka sha ba.

Me ya tayar da shi a karon farko? Wannan sai mun zauna. Abin da na saba gani shi ne watanni na matsi kafin ranar: bashin kaya, kasuwa ta tsaya, rashin barci, rigimar gida. Sau da yawa idan na tambaya ko an yi wata rasuwa ta fuju'a a kusa, sai mutum ya yi shiru, sannan ya ce ai maƙwabcinsa na shago ne ya yanke jiki ya faɗi, tsararsa ne ma. Ka haɗa da zafin rana, da cunkoson masallaci, da goro da shayi mai kauri ko lemon ƙara kuzari a cikin da ba abinci. Rashin imani ko ragwanci ba sa cikin lissafin nan ko kaɗan.

Akwai 'yan cututtukan jiki da ke kwaikwayon wannan ciwo, kuma gwajin zuciya ba ya nuna su. Babba a ciki shi ne idan halittar nan ta maƙogwaro, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, tana aiki fiye da kima. Sai ƙarancin jini, da faɗuwar suga, da asma da wasu magungunanta, da kuma janyewar tiramadol ko kodin ga mai shan su. In ba a duba waɗannan ba, ka roƙi likitanka ya duba sau ɗaya. In sun fito lafiya, to ka rufe babin gwaji. Gwajin zuciya na huɗu zai sanyaya maka rai kwana uku ne, a na huɗun ka fara tunanin ko na'urar ce ba ta da kyau. Sai dai ka riƙe wannan: ciwon ƙirji da ke zuwa idan kana hawa bene ko ɗaukar kaya, ko mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ko suma ta gaske, ko kumburin ƙafa, wannan wani abu ne daban, a tafi ɓangaren gaggawa ba jira.

Dalilin da ya sa ya ƙi tafiya

Mutane da yawa sun taɓa samun irin wannan firgita sau ɗaya a rayuwa, ta wuce ba ta dawo ba. Abin da ke zaunar da ita shi ne abubuwan da mutum ke yi don ya tsira daga gare ta. Ka dubi wasiƙarka: ka bar sahun gaba, ka bar Legas, ka sa ƙwaya a aljihu. Ina da tabbacin akwai waɗanda ba ka rubuta ba, irin su zama kusa da ƙofa, da taɓa jijiyar wuya kana ƙirga bugu, da ƙin saurin tafiya, wataƙila har da ƙaurace wa iyali don gudun kada zuciya ta buga. Kowanne yana ba ka sauƙi nan take, shi ya sa ba na ganin laifinka. Amma kowanne yana barin darasi ɗaya a ƙwaƙwalwa: da ban fita ba, da ban sha ba, da na mutu.

Muna yara akwai zauren da ba ma iya ratsawa da dare sai da gudu, don dodo yana bayan ƙyaure. Muddin muna gudu, dodon yana nan, don kullum gudun ne ya cece mu. Ranar da aka tsayar da yaro a zauren da fitila har ya gaji da tsayuwa, ranar dodon ya fara mutuwa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Aikinmu shi ne mu raka mutum ya je ya ɗaga tsumman da hannunsa, sau da yawa, har jikinsa ya yarda, domin jiki ba ya jin lallashi, abin da ya gani yake ɗauka.

Abin da za ka tarar a ɗakin

Kalmar "magana" ce ta ruɗe ka, kuma ta ruɗi mutane da yawa. Kana tsammanin nasiha ce irin wadda ka riga ka sha: ka yi haƙuri, ka daina tunani, ka bar wa Allah. Masu faɗa maka haka ƙaunarka suke yi, amma da ana daina tunani da umarni da ba ka rubuto ba. Hanyar da ta fi samun shaidar bincike a kan irin ciwonka ana kiranta CBT a taƙaice, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Wani likita a Filadelfiya ta Amurka, Aaron Beck, ya assasa ta a shekarun 1960. Ta fi kama da koyon tuƙi: akwai bayani, amma a kan titi ake iyawa.

Zaman farko tambayoyi ne, wajen awa ɗaya. Yaushe ya fara, a ina yake zuwa, me ke faɗo maka a rai a daidai lokacin, me ka daina yi, yaya barci, me kake sha. Wataƙila a ba ka 'yar takarda mai tambaya bakwai da ake kira GAD-7, ko wata irinta, don a samu ma'aunin da za a riƙa duba ci gaba da shi. Abin da ka faɗa sirri ne, ko matarka ba za a gaya wa ba sai da izininka, in ba ranka ko na wani ne ke cikin haɗari ba. Daga nan sai a zana maka wancan zagayen na bugu da fassara da tsoro, amma da kalmominka, a ba ka aikin gida: ka riƙa rubuta duk lokacin da abin ya zo.

Sannan a fara tuhumar tunanin kamar yadda kake tuhumar dilan da ya zo ba ka yarda da shi ba, a warware shi yadi-yadi. Da kana gabana zan ce mu yi lissafi. Wata takwas, wani lokacin sau biyu a mako, a ce sau arba'in ko hamsin ke nan. A cikinsu sau nawa ka tabbata mutuwa ce? Duka. Sau nawa ka mutu? A nan mutane sukan yi dariya, wasu kuma su ce ai don ina shan ƙwaya ne, ko don ina fita waje. Wannan amsar ita ce ke kai mu ga ɓangaren da ya fi muhimmanci, wanda kuma ba wanda ke so.

Mukan tayar da alamomin da gangan a cikin ɗaki. In likita ya tabbatar zuciya da huhu lafiya, sai in ce mu yi numfashi da sauri da ƙarfi na minti ɗaya, ni da kai tare. Jiri zai zo, yatsu su yi tsikari. Ko mu hau bene mu sauko sau uku har zuciya ta riƙa dukan ƙirji, ko ka juya a kan kujera, ko ka ja numfashi ta tsinken shan lemo. Sai mu zauna ba ƙwaya ba ruwa, mu zuba wa abin ido har ya sauka. Akwai wani direban babbar mota da na yi aiki da shi, ƙato ne wanda in ya tsaya a ƙofa sai ɗakin ya yi duhu. Ranar farko daƙiƙa ashirin ya yi ya kama hannun kujera yana salati, ya ce ashe ni ma so nake in kashe shi. A zama na biyar shi ne yake ce mini in ƙara masa lokaci. Abin da ya faɗa ranar ya zauna mini: ya ce tunda da kansa yake kunna abin kuma yana kallo ya mutu, to ya gane injin ne ke ƙara, ba motar ce ke wuta ba.

Bayan ɗaki sai waje. A jera wuraren da kake gudu daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Tushen wannan tun shekarun 1950 ne, daga aikin Joseph Wolpe a Afirka ta Kudu. A naka, wataƙila mu fara da sallar Azahar a masallacin kasuwa a tsakiyar sahu, sai Juma'a a sahu na uku daga baya, sai can ciki inda fita ke da wuya. Sai a bar ƙwayar a shago, daga baya a bar ta a gida. Tafiya kuma a fara da Zariya a dawo, sai Kaduna a kwana, kafin Legas. Ƙa'idar ita ce ba a fita don tsoro ya zo, ana tsayawa ne har a ga abin da ake tsoron bai faru ba, kuma ana maimaita mataki har ya gundure ka kafin a hau na gaba. Za a koya maka numfashi a hankali, ka ja kana ƙirga huɗu ka saki kana ƙirga shida, yana da amfani. Ni dai ina gargaɗin mutanena kada su mayar da shi wata ƙwayar aljihun, su riƙa jin cewa shi ne ya hana su mutuwa.

Kan batun Legas akwai abin da ba zan tsallake ba. Littattafan da muka karanta an rubuta su ne a ƙasashen da tsoron hanya yawanci tsoron banza ne. A nan mutum yana iya jin tsoron hanya don ana tare ta ana sace mutane, kuma yana da gaskiya. Ba aikina ba ne in ce maka ko'ina lafiya. Tambayar da nake yi ita ce: kafin ciwon kana zuwa? Abokan kasuwancinka masu hankali suna zuwa yanzu, ta wace hanya, a wane lokaci? In suna zuwa, kuma abin da ke hana ka shi ne kada abin ya taso maka a mota ba asibiti kusa, to ciwon ne ke magana, ba hanya ba.

Zaman mako-mako ne. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa awa 7 zuwa 14 gaba ɗaya ga irin ciwonka, kuma abin da nake gani bai yi nisa da haka ba: wata biyu zuwa uku ga wanda ke yin aikin gida. Wanda kuwa zai zo ya zauna awa ɗaya ya tafi ya ci gaba da tsayawa bakin ƙofar masallaci, ko shekara ya yi yana zuwa kuɗin mota kawai yake ɓatawa.

Akwai kuma zaman ba da shawara na yau da kullum, inda ake sauraron mutum a taya shi warware matsalolin rayuwa, bashi ko aure ko rashi. Kada a raina shi. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya fara horar da tsofaffin mata a 2006 su riƙa zama a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron mutane zama shida, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Sunan ciwon a harshensu na Shona ma'anarsa yawan tunani, daidai yadda muke faɗa. In bashi ne ya kunno wutar taka, za a buƙaci irin wannan zaman ma. Amma shi kaɗai ba ya cika raba mutum da tsoron bugun zuciyarsa.

Ƙwayar da ke aljihunka

Ba ka faɗi sunanta ba, amma daga bayaninka ina zargin diazepam ce ko bromazepam ko wata danginsu. Suna aiki cikin mintuna, shi ya sa ake son su. Matsalarsu jiki yana sabawa, a fara da rabi a koma ɗaya a koma biyu, kuma idan ta sake ka fargabar takan dawo da ƙarfi fiye da da. Ƙa'ida ba a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su, kuma ba a kamata a sayar da su ba sai da takardar likita. Ga mai yin irin aikin da na bayyana suna da wata illar: duk nasarar da ka samu sai ƙwaƙwalwa ta ba ƙwaya ladan.

Kada ka karanta wannan ka zubar da ita yau. In ka daɗe kana sha kullum, yankewa farat ɗaya na iya kawo karkarwa da rashin barci, har da farfaɗiya. Ka ɗauki kwalin ko sacet ɗin ka kai wa likita, ka faɗa masa gaskiyar adadin da kake sha, ya tsara maka ragewa a hankali. Akwai magungunan da aka fi amincewa da su na dogon lokaci, irin su sertraline da fluoxetine da escitalopram. Ba sa sa maye, amma sai sun yi mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsu, a makon farko ma sukan ɗan ƙara fargabar, kuma a nan ne mutane da yawa ke watsar da su. Wasu maza sukan ga canji a sha'awa ko jinkirin biyan buƙata, in ya faru a gaya wa likita, akwai yadda ake yi. Ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. A ra'ayina, wanda zai samu mai yi masa CBT da gaske yana iya farawa da ita kaɗai. Wanda ciwon ya hana shi fita, ko ya haɗu da baƙin ciki mai nauyi, ko ba mai zama da shi a kusa, magani ne ƙofarsa ta farko. Haɗa biyun ma ba laifi. Hukuncin na likitan da ya gan ka ne.

Hajiya da ruƙiyya

Ba na faɗa da iyaye a kan wannan, kuma ba na so ka yi. Hajiya ta ga ɗanta yana wahala, asibiti ya ce ba komai, to ina za ta dosa? Addu'a tana nan daram. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma shi ne ya umarci bayin Allah su nemi magani. In ana ganin zama da irinmu baƙon abu ne na Turawa, ka gaya wa Hajiya cewa wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, a ciki ya yi babi kan tsoro da firgita. Ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa kamar yadda ake ajiye magani a gida, kuma ya riƙa sabar wa kansa abin da yake tsoro har ya daina razana shi. Sama da shekara dubu kafin Beck ke nan. A ƙasar nan ma Farfesa Thomas Adeoye Lambo, da ya fara tsarin jinyar ƙauye a Aro kusa da Abeokuta a 1954, tare da dangin majinyata da masu maganin gargajiya ya yi aiki.

Inda nake ja layi shi ne duka, da ɗaure mutum, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki ga wanda dama numfashi yake tsoro, da cewa a bar maganin asibiti, da wanda kullum sai an kawo kuɗi ko dabba. Na kuma ga waɗanda aka ce musu wata 'yar'uwa ko abokin kasuwa ne ya yi musu sammu, suka warke daga fargabar amma zumuncin bai warke ba.

Iyakar abin da zan iya faɗa

Daga wasiƙa nake magana, ban gan ka ba, ban auna ka ba. Abin da ka rubuta ya yi daidai da ciwon firgita, amma wanda zai zauna da kai yana iya gano wani abu a ƙarƙashi, misali wani tashin hankali da ka taɓa gani da idonka, wanda aikinsa daban ne. Kuma ba kowa ne ke rabuwa da shi kwata-kwata ba. Mafi yawan waɗanda suka kammala aikin suna komawa harkokinsu, wasu ya tafi ke nan, wasu kuma yakan leƙo idan rayuwa ta matsa, sai dai ya tarar sun san shi.

Masu wannan aikin kuma ba su da yawa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware a CBT suna jin Hausa sun fi haka ƙaranci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙoƙi a takarda, amma ba ta haifi ma'aikata ba. Ana samunsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Tunda an riga an ba ka takarda, ka bi ta. In ka je ka tambaya kai tsaye: wane tsari za mu bi, zama nawa, me zan riƙa yi a gida? Wanda ya san aikin zai ji daɗin tambayar. In zama huɗu ya wuce ana hira kawai ba aikin gida ba batun wuraren da kake gudu, ka faɗa masa, ko ka nemi a haɗa ka da wani. Masu tallar kansu a TikTok da Facebook suna alƙawarin warkarwa cikin kwana bakwai kuwa, ka tambaye su a ina suka yi karatu kafin ka tura ko sisi.

Abu ɗaya da ba ya jiran ranar ganin likita: in ka fara jin rayuwar ta ishe ka, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa, ka gaya wa wani na kusa yau, ku tafi asibiti tare.

Kafin ranar da aka ba ka, ka sayi ƙaramin littafi irin na rubuta bashi. Duk lokacin da abin ya zo ka rubuta rana da wuri, da abin da ka fara ji a jiki, da maganar da ta faɗo maka a rai, da abin da ka yi, da minti nawa ya ɗauka kafin ya sauka. Ka rage goro da shayi, ka bar lemon ƙara kuzari, kada ka fita kasuwa da ciki wayam. Ka karanta wa mai ɗakinka wannan amsar, don ta san in abin ya taso ba sai ta ruga neman a-daidaita-sahu ba, ta zauna kusa da kai kawai ta duba agogo. Ranar ka tafi da littafin, da kwalin ƙwayar, da ledar takardun gwajin nan.